Zauren Mai Hoto: Amsoshin Wasiƙunku kan Littattafan Hotuna

Assalamu alaikum. A fitowar da ta gabata na ce littafin hotuna, wato babban littafin nan da hoto ya fi rubutu yawa a cikinsa, karanta shi ake yi kamar kowane littafi, ba ajiye shi ake yi a kan tebur don baƙi su yaba ba. Maganar ta jawo wasiƙu da saƙonnin waya daga cikin garin Jos, daga Bukuru, har da Abuja. Na tsamo waɗanda amsarsu za ta amfani mutum fiye da ɗaya. Wanda bai ga tasa ba ya yi mini haƙuri sai wata mai kamawa.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne a makarantar koyon aikin fim ta nan Jos. Malaminmu ya nuna mana littafin wani Bature da ya ɗauki gardawan kura, suna riƙe da kuraye da sarƙa. Ajinmu ya rabu biyu, wasu sun ce gwaninta ce, wasu sun ce cin mutuncin Hausawa ne. Kai me ka gani? Ɗanka, daga Unguwar Rogo.

AMSA: Ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Littafin da kuka gani sunansa The Hyena and Other Men, na Pieter Hugo, mutumin Afirka ta Kudu, ya fito a 2007. Asalin abin, wani hoto ne da aka ɗauka da waya a Legas ya isa hannunsa, ana ta yayata cewa mutanen da ke ciki 'yan fashi ne ko masu karɓo bashi da ƙarfin tsiya. Ya zo Nijeriya a 2005, wani ɗan jarida ɗan ƙasar nan ya haɗa shi da su a bayan garin Abuja, ya bi su yawo, ya sake dawowa a 2007. Abin da ya tarar shi ne abin da kowane yaron Arewa ya sani: 'yan'uwan juna ne masu wasa da kura da gwaggon biri da mesa, suna tara jama'a suna sayar da maganin gargajiya.

Gwaninta dai akwai ta, kada wani ya ce maka babu. Dubi hasken hotunan, mai laushi ne irin na ranar hazo, ba inuwa mai kaifi. Ya rage launi har ƙasa da sama da gashin kurar suka kusa zama abu ɗaya, sai idon gardin ya tsaya a kanka. Akwai kuma abin da ya sa nake girmama aikin: hotunan suna ɗauke da sunan mutumin, da sunan dabbar, da garin, da shekarar. Kura ɗaya sunanta Mainasara. Wanda ya taɓa juya katunan hoto na zamanin Turawan mulki ya san darajar wannan. A can sai ka ga dattijo da rawaninsa da babbar rigarsa, mutum mai zuri'a da tarihi, an rubuta masa "wani Bahaushe" an wuce.

To amma 'yan ajinku da suka ji haushi su ma ba a banza suka ji ba. Shi da bakinsa ya ce wasan bai ja hankalinsa ba, shi ya sa yake janye su gefe ya ɗauke su su kaɗai. Mu kuwa da muka taso muna bin gardawa a guje, mun san gardi ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai ganga, akwai kirari, akayau na ƙara a ƙafa, yara sun yi da'ira suna matsowa suna ja da baya, mata na leƙe ta zaure, mai tallar magani na ta zuba bayani. An cire duk wannan, an bar mutum da dabba da sarƙa a fili fetal ko a ƙarƙashin gada. Baƙon da ya buɗe littafin a Landan tsoro zai gani, sana'ar kuwa ta ɓace masa. Kuma in faɗa maka tsakani da Allah, takunkumin da ke bakin kurar nan da nauyin sarƙar suna damuna, ko Bature ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Dabba ce, tana da haƙƙi a kanmu.

Ni ba zan kira shi cin mutunci ba. Rabin labari ne, rabin da baƙo ya zaɓa. Ɗaya rabin yana nan yana jiran ku. Kuna da kyamarori a makaranta, kuna jin Hausa, ba ku buƙatar tafinta. Ku nemi gardawa ranar kasuwa, ku gaishe su yadda ya kamata, ku faɗa musu abin da za ku yi da hotunan tun kafin ku ɗaga kyamara. Ku bi su har masauki ku ga wa ke sayo wa kura ƙashi wurin mahauta, wa ya gaji wa, me suke nomawa da damina, yaya matansu da 'ya'yansu ke kallon sana'ar. Ku rubuta bayanin da Hausa domin a karanta musu su ce e ko a'a. In an wanke hotunan ku kai musu nasu a hannu.

TAMBAYA: Malam, na dawo daga Umra da wani littafi na tsofaffin hotunan Makka da Madina. Jikana ya ce duk haɗin kwamfuta ne, wai a wancan zamani babu kyamara. Ni kuma na kashe kuɗina. Wa ke da gaskiya? Alhaji, daga Wuse, Abuja.

AMSA: Alhaji, Allah ya karɓi ibada, ya sa a maimaita. Jikan ya kyauta da ya yi shakka, sai dai wannan karon lissafinsa bai cika ba. An bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto a Faransa a 1839. Wani injiniyan sojan Masar, Muhammad Sadiƙ Bey, ya ɗauki hotunan Madina a 1861, ya ɗauki na Makka a 1880. Bayansa kaɗan wani likita mazaunin Makka, Sayyid Abdulgaffar, ya ɗauki Harami, ya ɗauki Mina da Arfa cike da tantunan alhazai. A kan farantin gilashi ake ɗauka a lokacin.

Labarin likitan nan yana taɓa ni. Hotunansa sun fito a Turai a 1889 cikin kundin wani masani ɗan ƙasar Holan, Snouck Hurgronje, wanda ya zauna a Makka a 1885. Ba a buga sunansa ba, har sa hannun da ya yi a jikin hotunan an goge. An daɗe ana yabon wanda bai ɗauka ba kafin masu bincike su maido wa mai abu abinsa.

Ka sa jikan ya duba ƙarƙashin hotunan da shafukan ƙarshe na littafinka. In ya ga waɗannan sunaye, da shekaru, da sunan ɗakin ajiyar da aka samo kowane hoto, kuɗinka bai faɗi ba. Hotunan wancan zamani fari da baƙi ne ko ruwan ƙasa, wanda ka gani da shuɗin sama an shafa masa launi ne daga baya. Ga kuma abin da zai riƙe tunda mai son tantancewa ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, duka kafin a fara ɗaukar mutane hoto. Duk wanda ake yawo da shi a waya ana cewa nasu ne, ba nasu ba ne. Kanon da ke cikin littafin tafiye-tafiyen Barth, Bajamushen da ya shigo birnin a 1851 yana amsa sunan Abdulkarim, ita ma zanen hannu ce.

TAMBAYA: Yaya, mahaifinmu ɗan amshi ne, ya yi shekaru yana bin mawaƙa biki-biki a Jos da Bauci da Kafancan. Ya rasu bai bar mana hoto ko ɗaya yana kan aiki ba. In na ga littattafan hotunan mawaƙan wasu ƙasashe sai raina ya sosu. Me ya hana mu yin irinsu, kuma in za a yi, ta ina za a faro? Ƙaninka, daga Gangare.

AMSA: Ƙanena, Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Wasiƙarka ce ta fi tsaya mini a rai cikin na wannan wata.

Bari in faɗa maka yadda sana'armu take a wancan lokaci, za ka gane dalili. Mai hoton biki ango da amarya da manyan baƙi ake biyansa ya ɗauka. Fim ɗaya hoto 36 ne in ya cika, kowane ɗaya kuɗi ne, ba a danna shi a kan wanda ba zai saya ba. Mawaƙi yakan shiga hoto ne in ana yi masa liƙi, domin mai liƙin zai so a gan shi. Makaɗa da 'yan amshi suna baya, sai dai kafaɗa ko rabin fuska. In an wanke an raba, nagatif ɗin, wato fim ɗin da ake wanko hotunan daga jikinsa, ko a miƙa wa mai biki, ko a zuba shi a kwali ƙarƙashin benci har gara da danshi su gama da shi.

Akwai wani mutumin Bamako ta ƙasar Mali, Malick Sidibé, wanda ya rasu a 2016. Shi ma mai hoton biki ne kamar mu. A shekarun 1960 yakan kwana yana bin wuraren rawa na samari da 'yan mata. In ya dawo sai ya wanke ƙananan hotunan gwaji, ya liƙa su a jikin fayil, ya ba kowanne lamba, ya rubuta sunan ƙungiyar da ta yi taron da ranar da aka yi, jama'a su zo su zaɓa. Nagatif kuwa ya jera shi a kwalaye da lambobinsa. Da duniya ta waiwayo shi a shekarun 1990, komai na nan a shirye, aka yi ta buga littattafai. A 2007 aka ba shi babbar lambar girmamawa ta bajekolin fasaha na Venis a Italiya, shi ne mai hoto na farko da ya same ta. Kyamararsa ba ta fi ta masu hoton Jos na zamaninsa ba. Ajiya ya fi mu, da rubuta abin da ya ɗauka.

Ni da a ce za a ba ni zaɓi, da gida zan faro, da Ɗanmaraya Jos. An haife shi a Bukuru a 1946, ya rasu a watan Yuni na 2015, kuma har yanzu garin nan cike yake da waɗanda suka zauna da shi. Shafin farko kuntigi zan sa, daidai girmansa na zahiri, domin yaron yau ya ga cewa gwangwanin kifi ne da fatar akuya da tsirkiya ɗaya tak suka zaga duniya. Shafi na biyu yatsunsa. Shi kaɗai yake kiɗansa da waƙarsa, saboda haka hotonsa na mutum ɗaya ne. Mamman Shata kuwa, wanda ya rasu a 1999, ba ya ɗaukuwa sai da makaɗan kalangunsa da 'yan amshinsa. Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, sai da matan da ke zaune gaban ƙwarya. Gurmin Haruna Uji daban, kotson Narambaɗa daban, kowanne da yadda ake riƙe shi da yadda ake zama da shi, abin da kaset ba ya nunawa. An rubuta tarihin Shata cikin littafin Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006. Wannan na karantawa ne, ya kamata a yi masa ɗan'uwa na kallo.

Hotunan suna nan a warwatse. Suna cikin albam ɗin gidajen da aka yi biki, suna bayan kwalayen kaset da na faifan garmaho, suna cikin tsofaffin jaridu: Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta faro a 1939, New Nigerian ta Kaduna tun 1966, da Nigeria Standard ta nan Jos tun 1972. Kai ka fara da naka. Tambayi Inna da abokan Baba gidajen da suka yi wasa, ka je da sallama da waya da ɗan littafin rubutu. Ina kyautata zaton za ka same shi a gefen hoton wani, hannu a ɗage, baki a buɗe yana karɓar waƙa. In ka same shi kada ka tsaya a kansa shi kaɗai. Nemi tsoho ya lissafa maka kowa daga hagu zuwa dama, wa ke kan kalangu, wa ke amshi, wane ne sanƙira, har direban motar. Wani ɗa yana can yana neman nasa uban kamar yadda kake nema.

Kada kuma a manta da masu rai. Masu kakaki da algaita na ƙofar fada, makaɗan 'yan dambe, masu mandiri, har yaran da ke waƙa da fiyano a situdiyo. Na san wasu dattijai na raina na ƙarshen nan, ni ban raina su ba. Nan da shekara 30 su ma 'ya'yansu za su rubuto irin wasiƙarka.

TAMBAYA: Malam, ina koyar da Hausa da tarihi a wata sakandare. An ba ni kuɗi kaɗan in sayo littattafan al'adu masu hotuna. Wanne zan fara nema? Malama, daga Bukuru.

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari. Sababbi daga waje da dala ake sayensu, kuɗin makaranta ba zai kai ba. Ki zaga wurin masu littattafan gwanjo a wajajen Taminus, ki bar musu sunayen abin da kike nema. Kafin ki biya ki ƙirga shafuka, domin ana yanke masu kyau a manna a bango, ki kuma shinshina ko akwai warin fumfuna.

Na farko a wurina shi ne aikin Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan, wanda ya yi shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na ƙasar nan yana ɗaukarsu hoto. An buga shi kundi uku a 1990 bayan rasuwarsa, na farkon a kan Arewa yake. Dalilina shi ne ɗalibanki za su iya gani da ido. A harabar Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, akwai sashen gine-ginen gargajiya da shi Dmochowski ya tsara, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya, aikin maginin nan Babban Gwani. Ki buɗe musu littafin a aji, ki kai su su tsaya ƙarƙashin bakan-gizon da ke riƙe da rufin masallacin su ɗaga kai. Gani ya kori ji.

Na biyu, hotunan kitso na Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014. Ya faro a 1968, ya tara kusan dubu, yawanci daga ƙeya ya ɗauka, yana rubuta sunan kowane kitso da inda ya fito. Wannan dabarar za ki iya ba ɗalibai a matsayin aikin gida ba tare da an buɗe kan kowa ba. Su ɗauki huluna, zanna da damanga da dara, ko aikin riga, aska biyu da aska takwas, ko lallen amare, kowanne da sunansa da sunan wanda ya yi. In kuma kin ci karo da Nomads of Niger na 1983, wanda Carol Beckwith ta ɗauki hotunansa a cikin Woɗaaɓe na Nijar, ko wani tsohon kofin Nigeria Magazine, kada ki bar su.

TAMBAYA: Baba, ni nake ɗaukar hotuna a wurin da ake shirya fina-finan Hausa, a Abuja da Jos. Na tara da yawa, na 'yan wasa da na ma'aikatan bayan kyamara. Ina so in buga littafi amma ina tsoron maɗaba'a ta ɓata mini. Me zan kiyaye? 'Yarka, daga Kubwa.

AMSA: 'Yata, kin faranta mini rai. Kafin maganar maɗaba'a ki san nauyin abin da ke hannunki. Fim ɗin Shehu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi shekaru ba a ganinsa, sai da aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi, aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2018. Wannan fim ne na gwamnati. Na bidiyo kuwa da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990, kaset ya tsufa, fasta ta yage, da yawansu abin da ya rage sai hotunan da mujallar Fim ta riƙa bugawa tun 1999. Mai riƙe fitila da mai kwalliya da mai dafa wa 'yan lokeshan abinci, waɗanda kike ɗauka, ba mai ɗaukarsu sai ke.

Fara da izini. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare hoto shekara 50 daga fitar da shi ga jama'a, amma in furodusa ne ya ɗauke ki aiki, ku zauna ku rubuta a takarda wa ke da ikon bugawa. Sannan akwai izinin da ya wuce na doka. 'Yar wasan da kika ɗauka shekarun baya mai yiwuwa yanzu tana ɗakin mijinta. Ki neme ta, ki nuna mata hoton, in ta ce a'a ki cire shi ko da shi ne ya fi kyau.

Sai zaɓe. Kada ki cusa duk abin da kike so. Ki wanke ƙanana ki shimfiɗa su a tabarma, ki yi ta sauya musu wuri har ki ga wanne ke kiran wanne a shafi biyu masu fuskantar juna. Hoto 60 masu tafiya tare sun fi 200 da aka jibga.

Ga na maɗaba'a. Ana son ɗigo 300 a kowane inci. Hoto mai faɗin ɗigo 4000 da tsawon 3000 zai cika shafin A4 lafiya. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, zai fashe a takarda, saboda haka ki nemi na asali. Allon waya haske yake fitarwa, takarda kuwa tawada huɗu ake zuba mata, shi ya sa abin da ke ƙyalli a waya yakan fito a dushe. Fatar baƙin mutum ita ta fi shan wahala, takan koma toka-toka ko ta yi ja. Kada ki yarda a buga duka sai an fitar miki da gwajin shafuka masu fuskoki, a kan takardar da za a yi amfani da ita, kin duba su a hasken rana. Takarda mai nauyin giram 150 zuwa 170 ta isa, marar ƙyalli ta fi daɗin kallo. A ɗinke littafin da zare, domin na gam zalla ba ya buɗuwa sosai kuma yakan zubar da shafuka da hunturu. Ki tsara yawan shafukan ya rabu da 16, haka ake naɗe takarda a injin. In kofi kaɗan kike so, ƙasa da 100, bugun dijital ya fi sauƙi. Babban inji sai an kai ɗaruruwa yake rage tsada.

Ki lura da ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ. Wasu haruffan kwamfuta ba su da su, sai a buga miki akwati-akwati ko a sauya su ba a faɗa miki ba. Lambar ISBN kuwa, wato lambar shaidar littafi, Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayarwa, hedkwatarsa na nan Abuja kusa da ke, kuma doka ta ce ki kai musu kofi uku in littafin ya fito.

TAMBAYA: Malam, maigidana ya rasu bara. Ya yi aiki a kamfanin kuza tun yana saurayi, ya bar akwati cike da hotuna. Wasu sun manne da juna, wasu sun fara fari-fari. Ɗana ya ce a kai a liƙe su a leda da injin zafi, 'yata ta ce a haɗa su littafi saboda jikoki. Ban san rabin mutanen da ke ciki ba. Hajiya, daga Dilimi.

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya ba ku haƙurin rashi. Shawarar 'yarki ita ce daidai. Ki hana a kai su injin leda, zafi da gam suna cin hoto kuma ba a iya ɓare shi bayan an liƙe. Waɗanda suka manne da juna ko da gilashi kada a ja su da ƙarfi, fuskar hoton ce za ta biyo. Fari-farin nan fumfuna ce, daminar Jos ce ta jawo ta. A fito da su a baza a inuwa cikin ɗaki mai iska, ba a rana ba, a share da burushi mai laushi bayan sun bushe. Akwatin a ɗaga shi daga ƙasa, a raba shi da bango, kada kuma a kai shi cikin silin ƙarƙashin kwano. In akwai nagatif a riƙe shi ta gefe. Wanda ke warin tsami ya fara lalacewa, a ware shi, a fara kwafe shi kafin saura. A kwafe duka da na'urar sikanin a ɗigo 600, gaba da baya, domin hatimin mai hoto da rubutun da ke baya su ma shaida ne. Kowane ɗa ya riƙe kwafi.

Aikin da ya fi gaggawa shi ne na sunaye. Abokan aikinsa da suka rage, da ƙannensa, da tsofaffin unguwa, a gayyace su shan shayi a zuba musu hotunan, jika ɗaya na rubutawa. A rubuta a bayan hoto da fensir mai laushi, biro yana hudowa gaba. Har wanda aka san laƙabinsa kawai a rubuta, da garin da ya fito, domin filin kuza ya tara mutanen Kano da Katsina da Barno da Nijar, tare da Birom masu ƙasa da mutanen kudu.

Shekarun kuwa hotunan da kansu za su taimaka. In ƙaramin jirgin ƙasa na Zariya zuwa Jos ya fito, kafin 1957 ne ko a cikinta, shekarar da aka rufe layin. In motoci na bin hannun hagu, kafin Afrilun 1972 ne. In an rubuta farashi da fam da sule a jikin shago ko rasit, kafin Janairun 1973 ne da naira ta shigo. Allon da ke ɗauke da sunan Jihar Binuwai-Filato tsakanin 1967 da 1976 yake. In Babbar Kasuwar Jos na tsaye da rufinta a bayansu, kafin gobarar Fabrairun 2002 ne. Da waɗannan 'yarki za ta iya jera hotunan bi da bi tun daga samartakarsa, ta buga kofi goma ko ashirin na dijital, kowane ɗaki na zuri'ar ya samu ɗaya.